Alawa, Shayi da Teburin Talo-talo: Tambayoyin Iyaye Kan Rage Zaƙi a Bukukuwan Kaka a Amurka

Tun tsakiyar Satumba, ganyen bishiyoyi bai ma fara rinewa ba, kantunan Amurka ke cika da buhunan alawa masu launin ruwan lemo da baƙi. Daga nan kuma zaƙi ba ya yankewa sai an shiga sabuwar shekara: Halowin, bikin da yara ke zaga gidaje suna karɓar alawa, ranar 31 ga Oktoba, bikin godiya da suke kira Thanksgiving a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, sannan hutun ƙarshen shekara ya ɗora. 'Ya'yana uku duk a Bronx da ke birnin New York suka yi firamare, kuma sai da haƙoran babbar suka kai mu gaban likita kafin na zauna na fahimci al'amarin nan da kyau. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata suka fi tare ni da su a gidan suna da bayan sallar Juma'a, musamman waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, har da 'yan kaɗan daga mazajensu.

Mu da ba ma yin Halowin, ina ruwanmu da wannan magana?

Batun shiga bikin kansa malamai sun yi bayani, kuma kowane gida da matsayarsa. Mu a gidanmu yara ba sa fita. Sai dai rashin fitar bai hana alawar shigowa ba. Yaro zai dawo daga makaranta da ƙulli a jaka, maƙwabciya za ta miƙo masa a ƙofar lifta, a wurin aiki ga kwano an girke a kan tebur kowa ya gifta ya ɗiba. Babbar ƙofar kuma ita ce ranar 1 ga Nuwamba, lokacin da kantuna ke karya farashin abin da ya rage. A ranar ne da yawanmu da ba mu yi bikin ba muke kinkimo buhu biyu saboda araha, mu ajiye a kicin. Wannan buhun, wanda za a yi wata guda ana tsinka, ya fi daren bikin ɓarna nesa ba kusa ba.

To, sukari nawa ne ya yi yawa a rana?

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake zubawa a abinci, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka tace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), kuma in an iya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga baligin da ke cin kalori 2,000, kashi 10 ɗin giram 50 ke nan, kashi 5 kuwa giram 25. Cokalin shayi ɗaya, a shafe ba a tule ba, kimanin giram 4 yake ɗauka. Wato cokali 12 ne iyaka, cokali 6 kuma abin so.

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fi tsanantawa: mace giram 25, namiji giram 36, yaro daga shekara 2 zuwa 18 ƙasa da giram 25. Yanzu ki auna da wannan: gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 yana ɗauke da giram 39. Gwangwani ɗaya ya cinye kason yinin yaro, har ya shiga na gobe.

Sukarin da Allah ya halitta a cikin tuffa ko ayabar da aka ci da baki, da na madarar da ba a ƙara mata komai ba, ba ya cikin wannan lissafi.

Rubutun bayan leda yana rikita ni. Ina zan duba?

Wuri biyu kawai. Na farko layin da aka rubuta "Added Sugars", wato sukarin da kamfani ya zuba. Doka ta wajabta wa manyan kamfanoni sa shi tun daga 2020. Ki raba adadin gida huɗu, ki samu yawan cokali. Na biyu can sama, inda aka rubuta "Serving size", wato yawan abin da aka yi lissafin a kansa. Nan ne ake zamewa, don lissafin na 'yan ƙwayoyi ne, ba na duk ledar ba. Ƙananan cakulan ɗin Halowin, waɗanda loma biyu ke ƙarar da su, su ma haka: ɗaya ba wani abu ba ne, amma wa ya taɓa ganin yaro ya tsaya a ɗaya?

Yarona ya shigo da alawa cike da jaka. In bar shi ya sha ya gama, ko in riƙa ba shi ɗai-ɗai?

Na daɗe ina ganin ɗai-ɗai ɗin ce dabara. Ina ba 'yata ɗaya da safe kafin makaranta, ɗaya in ta dawo, ɗaya da yamma in ta yi karatu, ina jin na tsare ta. Ranar da likitan haƙori ya haska mini hoton bakinta, ya nuna mini ramuka biyu a turamenta, sai ya tambaye ni: sau nawa take cin zaƙi a rana? Bai tambayi yawansa ba.

Ga yadda abin yake. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a jikin haƙori. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani tsami da ke zaizayar farin rufin haƙori. Yawu ne ke wanke tsamin ya gyara wurin, amma yana buƙatar kamar rabin awa ko fiye kafin baki ya koma daidai. Yaron da ya ci alawa biyar a zama ɗaya ya sha wannan zaizaya sau ɗaya. Wanda aka rarraba wa biyar ɗin daga safe zuwa dare ya sha ta sau biyar, yawun bai samu sararin gyara ba.

An tabbatar da wannan ne ta wata hanya mai ɗaci. A asibitin Vipeholm da ke garin Lund a Suwidin, daga shekarun 1940 zuwa farkon 1950, an riƙa ciyar da masu taɓin ƙwaƙwalwa alawa mai danƙo tsakanin abinci, ba da yardarsu ba, don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace ƙwarai, fiye da na waɗanda aka ba sukari tare da abinci. Zalunci ne da ba za a yarda a maimaita ba a yau. Sakamakon ya fito a 1954, kuma daga nan ne al'adar Suwidawa ta alawar Asabar ta samo asali: yaro ya ci alawa rana ɗaya a mako, sauran kwana shidan bakinsa ya huta.

Don haka shawarata: a ware lokaci ɗaya, bayan an ci abinci an ƙoshi, ya zaɓi abin da zai ci, ya kora da ruwa, a rufe kwano. Cakulan zalla ya fi sauƙi ga haƙori don yana narkewa ya wuce. Masu ɓarna su ne masu maƙalewa kamar tofi da karamel, da na tsinke da ake daɗewa ana tsotsa, da masu tsami. In mai tsami ya ci, a jira kamar minti 30 kafin a goge baki, don rufin haƙorin ya yi laushi a lokacin. Da dare a goge da man goge baki mai fuloraid, ya tofar, kada ya kurkure.

Gaskiya ne sukari ke sa yara ƙiriniya da hana su barci?

An gwada sau da yawa ba a samu haka ba. A 1995 mujallar JAMA ta ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, inda yara da iyayensu ba su san wanda aka ba sukari ba, kuma ba a ga bambanci a halayen yaran ba. Kafin nan da shekara guda an yi wani: aka gaya wa wasu iyaye mata an ba 'ya'yansu sukari mai yawa alhali ba a ba su ba, sai ga iyayen na cewa yaran sun ƙara rawar kai. Taro, da hayaniya, da wuce lokacin barci sun isa su hargitsa yaro. Wanda zai iya hana barci da gaske shi ne sinadarin kafeyin da ke cikin lemo irin su kola da shayi. Dalilan rage sukari na gaskiya sun ishe mu: haƙori, ƙiba, da yaron da ya cika ciki da zaƙi ya ture tuwo.

Ni ba na cin alawa ko cakulan. Ashe ba ni da matsala ke nan?

Alhaji, wannan tambayar ce ta fi damuna, don nan ne namu yake. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu Hausawa sukarinmu a kofi yake, ba a leda ba. A Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, sanyi ya fara shiga ƙashi, buta ba ta sauka daga wuta. Mai tuƙa tasi ko mai aikin dare zai sha shayi kofi uku ko huɗu. In kowane kofi cokali uku ne, kofi uku cokali tara ke nan, giram 36, daidai iyakar namiji na yini, ba a ma taɓa abinci ba. Kuma cokalinmu a tule yake, ga madarar gwangwani mai kauri wadda ita kanta da sukari aka dafa ta.

Sai na taro: zoɓo, kunun aya, lemon citta, da kwalaben malt da ake jerawa a gaban baƙo. Da yawa suna ɗaukar malt a matsayin abin gina jiki, har a kai wa mai jego da mara lafiya katan-katan. Ka juya kwalbar ka karanta, za ka tarar ba ta da nisa da sauran lemo. Na ƙasar nan ma ba a bar su a baya ba. Gahawar nan ta kaka mai ƙamshin kayan yajin kabewa da shagunan Starbucks ke sayarwa tun 2003, matsakaicin kofinta yana da kusan giram 50 na sukari, ko da yake wani ɓangare na madara ne. Ruwan tuffa da ake sha da ɗumi a wannan lokaci shi ma kofi ɗaya ya haura giram 20.

Abin da ya sa na ruwa ya fi haɗari shi ne ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci kek zai rage abinci, wanda ya sha lemo kuwa zai cinye kwanonsa kamar bai sha komai ba.

Kada ka yanke lokaci guda, ba zai ɗore ba. Maigidana da cokali uku yake sha. Muka riƙa rage rabin cokali duk mako, ina ƙara citta da kanumfari da na'a-na'a don baki ya samu abin kamawa. Da aka yi wata biyu, wata rana a gidan abokinsa aka haɗo masa irin na da, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce zaƙin ya hau masa kai. Zoɓo kuwa, in kika dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, rabin sukarin da kika saba zubawa ya isa.

In na koma zuma ko jan sukari ko mazarƙwaila fa?

Zuma abu ne mai albarka, ba mai musu. Amma a lissafin da muke yi, jiki da haƙori sukari suke ɗaukarta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a cikin iyakar nan ta sa ta. Jan sukari da mazarƙwaila su ma haka. Dabino ya ɗan bambanta, don da tuƙarsa ake cinsa, abin da masana ke kira faiba, wadda ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Duk da haka babban dabinon nan na Medjool guda ɗaya yana da kimanin giram 16. Biyu ko uku sun yi, faranti guda a gaban talabijin ya wuce ƙima.

Alawar da aka rubuta babu sukari a jikinta fa?

Ga haƙori ta fi. Sai dai yawancinsu da sinadarai irin su sorbitol da maltitol ake zaƙaƙa su, kuma in yaro ya ci da yawa zai kwana da murɗar ciki da gudawa. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da wani rukunin na daban, wato ƙwayoyin zaƙin nan marasa kalori, don rage ƙiba. Ni abin da na lura shi ne suna barin harshe a yadda yake, kullum yana neman zaƙi mai ƙarfi.

Ta yaya zan gane wadda ta halatta?

Kalmar da za ki nema a jerin kayan haɗi ita ce "gelatin". A Amurka sau da yawa daga alade ake samo shi, in ba an rubuta na saniya ko na kifi ba ko an buga tambarin halal. Yana cikin yawancin alawoyin nan masu taunuwa kamar roba, da farar nan mai laushi kamar auduga da ake kira marshmallow, da wasu nau'o'in ƙananan nan masu siffar ƙwayar masara da ake yayi a Halowin. Wannan tantancewar kaɗai takan rage jakar yaro da yawa, kuma yara sun fi saurin yarda da ita fiye da zancen kalori. A kula da ruwan tuffa ma: wanda aka rubuta "cider" kawai a nan Amurka ba giya ba ne, wanda aka rubuta "hard cider" giya ce. A Ingila kuwa kalmar ita kaɗai giya take nufi.

An gayyace mu cin abincin Thanksgiving. Yaya za mu ci ba tare da mun wuce gona da iri ba, kuma ba mu ɓata wa masu gida rai ba?

Wannan biki ne na zaman iyali da cin abinci, hutu ne na ƙasa baki ɗaya tun da Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana shi a 1863, kuma gidajenmu da yawa sun mai da shi ranar zumunci tunda kowa yana gida. Teburin kansa ba laifi: gasasshen talo-talo, koren wake, dankali, kabewa. Zaƙin a gefe yake laɓewa, a jar miyar cranberry, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu tsami, da ake dafawa da sukari, da dankalin Hausa da ake gasawa a lulluɓe shi da marshmallow, da burodin masara, sannan kek ɗin kabewa da na tuffa a ƙarshe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙin karyawa da safe wai don a bar wuri. Mai yunwa ba ya zaɓe. Ki karya kamar kullum. A wurin zubawa ki cika rabin faranti da ganye da kayan lambu, kwata nama, kwata mai sitaci. Cikin kayan zaƙin ki zaɓi ɗaya da ranki ya fi so, ki zauna ki ci shi a natse, ki yaba wa wadda ta yi. Abin sha ya zama ruwa. Mu da kunyar ƙin tayi, ga kalmar da ba ta ɓata ran kowa: "Alhamdulillahi na ƙoshi, amma a ƙulla mini in tafi da shi."

In ke ce mai masauki, ki tuna kabewar da suka cika gari da ita ba baƙuwarmu ba ce. Miyar taushe da kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, ga naman talo-talo a ciki, ba ta buƙatar ko ƙwayar sukari. Na taɓa kai tukunya guda gidan wata maƙwabciyata Ba'amurkiya, ita ce ta fara ƙarewa a teburin, har surukarta ta biyo ni kicin da biro da takarda. Dankalin Hausa kuma a gasa shi da ɓawonsa a barbaɗa kirfa, zaƙinsa na Allah ya isa.

Ina da ciwon sukari. In haƙura da komai ke nan?

A'a, Hajiya, amma likitarki ce ke da ta cewa kan adadi, don ita ta san maganin da kike sha. Abin da zan jaddada shi ne shinkafa da tuwo da burodi da dankali duk sukari suke zama a jini, don haka in za ki ɗanɗana kek, ki rage shinkafar, kada ki haɗa su a cike. Kada ki tsallake abinci in kina allurar insulin ko maganin da ke saukar da sukari, don yana iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamarsa rawar jiki, zufa, jiri da bugun zuciya. In haka ta faru ki auna, ki sha abin da ya kai giram 15 na sukari, kamar rabin kofin ruwan 'ya'yan itace, ki jira minti 15 ki sake aunawa. Cakulan ba ya wannan aikin da sauri saboda maiƙon da ke cikinsa. Bayan an tashi daga tebur kuma, ki ja wata ku ɗan zaga unguwa ko na minti goma ne, tafiya bayan cin abinci tana rage hawan sukari.

Da gaske ne mutum yana ƙara kilo biyu ko uku a wannan lokaci?

Yawanci bai kai haka ba. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2000 ya bi mutum 195, ya tarar matsakaicin abin da suka ƙara daga Thanksgiving zuwa sabuwar shekara bai kai rabin kilo ba. Abin lura shi ne ba su zubar da shi daga baya ba. Rabin kilon bana yana nan na baɗi zai same shi.

Jarirai da 'yan ƙanana fa?

Wanda bai kai shekara 2 ba, kada a ba shi abin da aka zuba wa sukari ko kaɗan. Wanda bai cika shekara ɗaya ba, ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, kuma ba ruwan 'ya'yan itace, kamar yadda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa a 2017. Daga shekara 1 zuwa 3 kada ruwan ya wuce rabin kofi a rana. 'Yan ƙasa da shekara 4 a nisanta su da alawa mai tauri, cingam, gugguru da ƙwayar gyaɗa, don suna shaƙe yaro. Wahalar a nan ba yaron ba ne, baƙi ne da kakanni masu nuna ƙauna da minti. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce za ki ba shi in ya ci abinci.

Ragowar fa, me zan yi da ita? Zubarwa almubazzaranci ne.

Nima ba na iya jefa abinci a shara. Abin da nake yi, a daren da alawar ta shigo nakan shimfiɗa tabarma a falo, kowa ya zazzage jakarsa. Mu fara ware masu jelatin da waɗanda ledarsu ta yage. Sannan kowane yaro ya zaɓi goma da ya fi so, a zuba masa a gwangwaninsa a rubuta sunansa. Sauran nakan saye su daga hannunsu da littafi ko fita wurin wasa, maigida ya kai wurin aiki inda mutane da yawa za su raba, ba mutum ɗaya ya cinye ba. Cakulan yana daɗewa a firiza, nakan ajiye don kek ɗin sallah.

Gwangwanayen a saman kabad suke zama, inda sai an taka kujera, don abin da ido ke gani a kan tebur shi hannu ke kaiwa. A gurbinsu, kan tebur, kwandon tuffa da lemo da fiya, waɗanda kaka ce lokacinsu kuma suna araha. Ranar Asabar bayan abincin rana ake sauko da su. Bara, da na hau kujera a watan Janairu zan goge kabad ɗin, na tarar da na autana da saura huɗu a ciki, ya manta da su.